Karnukan Santambul da waɗanda suka yar da su

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki na gida.

Ina gaishe ku daga Santambul. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya a unguwar Laleli sun saba ganin ƙaton kare kwance a ƙofar shago, ya miƙe ƙafafu abinsa, jama'a na kewaye shi suna wucewa. A kunnensa akwai wata 'yar roba. Ita ce shaidar cewa hukumar birni ta kama shi, ta yi masa allurar rigakafin haukan kare, ta fiɗiye shi, sannan ta mayar da shi unguwar da ta ɗauko shi. Haka dokar 2004 mai lamba 5199 ta tanada, kuma an yi shekara ashirin ana tafiya a kanta, har zuwa 2024. Mahauci ya jefa masa ƙashi, mai shago ya yanke gindin gorar roba ya zuba masa ruwa.

Zaman ba na yau ba ne. A zamanin Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, har waƙafi ake yi don ciyar da dabbobin titi. Amma a 1910 mahukunta suka ga karnuka na ɓata wa birnin kwarjini, suka kwashe dubun dubatarsu a jiragen ruwa zuwa Sivriada, wani tsibiri na dutse zalla a tekun Marmara, ba ci ba sha. Can yunwa da ƙishirwa suka ƙarasa su. Da gobara da yaƙin Balkan na 1912 suka biyo baya, mutanen gari suka ce alhakin karnukan ne. Har gobe Baturke bai manta da wannan tsibiri ba.

Shi ya sa ƙasar ta ɗauki zafi a watan Yulin 2024, da majalisa ta sauya dokar. Yanzu an ce ƙananan hukumomi su kwashe karnukan titi su killace, wanda ya samu mai ɗauka a ba shi, mai haɗari ga jama'a ko mai cutar da ba ta jin magani a kashe shi da allura. An ba su zuwa 2028 su gina wuraren ajiya. Gwamnati ta ƙiyasta karnukan titi da kimanin miliyan 4, alhali gidajen ajiyar da ake da su a lokacin ba su ɗaukar fiye da dubu ɗari da 'yan kai. Masu adawa suka fito zanga-zanga suna kiranta dokar kisan kiyashi. Ni dai ban iya yi wa iyayen yara masu goyon bayan dokar tsawa ba. A 2022 wata yarinya a lardin Antalya ta sheƙa da gudu don tsere wa karnuka, babbar mota ta buge ta, ta rasu. Wanda ɗansa ke fita makaranta da duku-duku ya ratsa garken karnuka goma yana da abin faɗa.

Abin da ya fi tsaya min a rai, ana ta ja-in-ja a kan a kashe ko a killace, amma an bar mai laifin yana barci a gida. Wata maƙwabciyata, dattijuwa, tana cikin 'yan sa kai da ke kai abinci dazuzzukan bayan gari inda ake zubar da karnuka. Wata Lahadi na raka su ɗaukar buhuna. Haifaffun titi sun san kan abin: su ci, su ja da baya. Amma akwai wani fari mai dogon gashi, da abin wuyansa har ya ci masa fata, bai ko dubi abincin ba. Duk motar da ta rage gudu sai ya bi ta yana leƙa taga. Dattijuwar ta ce min, "Ɗana, wannan a kan kujera ya girma." Irinsa ana saye ne yana kwikwiyo don yaro ya yi kuka, ko a lokacin hutun bazara a garuruwan bakin teku. Da ya girma, ya fara cin kuɗi, mai gidan haya ya yi magana, sai a buɗe masa ƙofar mota a jeji. In ba a fiɗiye shi ba, baɗi 'ya'yansa ne za su tare hanyar makaranta.

Tun 2021 doka ta wajabta a sa wa kowane kare da kyanwar gida 'yar ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai shi, kuma dokar 2024 ta ɗaga tarar yar da dabba zuwa lira 60,000. Da wannan ɓangaren aka fi matsa wa, da aikin ya ragu. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

To, mu fa? Ba na cewa kowa ya ajiye kare, kuma ba na cewa a kwana da shi a gado. Shari'a ta ba da izinin riƙe shi don farauta, kiwo da gadin gona, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Duk mun ji hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Amma sai ka shiga gida ka tarar da karen gadi ɗaure da guntun sarƙa a ranar Afrilu, kwanon ruwansa a bushe, wai don ya yi zafi da dare. Karya ta haihu, a zuba 'ya'yan a buhu a kai kwalbati. Yara su bi na titi da jifa, manya na kallo suna dariya. Mafarautan ƙauye ma sun fi wasu 'yan birni sanin haƙƙin kare, don su sun san abokin nema ne.

Kuma sakacin kanmu yake dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, yara da yawa a ciki, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Allurar ba sai an zo Turkiyya ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta. Mai kare ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa, ya riƙe takardar. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi.

A gaida mutan gida duka.

Naku,
daga Santambul