Ka shiga Dawanau kafin ka buɗe kwamfuta

Wani ɗalibi ya kawo mini taken bincikensa na digiri na biyu: zai sa ƙirƙirarriyar basira ta bi sawun wake tun daga gona har tashar jirgin ruwa. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano. Ya ce, "Malam, ai bayanan duk suna intanet." Gabana ya faɗi, don ni ma da bakina na taɓa faɗin irin wannan.

A zamaninmu wayar salula ake yayi. Na rubuta kundi guda ina cewa da zarar manomi ya fara samun farashi ta saƙon waya, kasuwar dillali ta watse. Ban zauna da dillali ko ɗaya ba. Alƙalumana duk daga rahotannin wasu ƙasashe na kwaso su. Sai bayan shekaru wani dattijo, yana zaune kan buhu yana tsince ƙwari daga wake a tafin hannunsa, ya gaya mini dillalin nan shi ke ba shi bashin taki da damina, shi ke tsaya masa ranar da iyali ba lafiya. Kuɗin bincike babu a lokacin, mai duba aikina abin da mujallun waje za su karɓa yake so, kuma kowa haka yake yi. Duk gaskiya ne. Amma kuɗin motar zuwa kasuwa bai fi ƙarfina ba, raina masu ita na yi.

Yayin na yanzu yana da tushe, ban musa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. A 2023 ta kafa dokar da ke neman mai kai mata koko ko manja ya nuna ainihin inda gonar take, don a tabbatar ba daji aka sare ba. Dole masana su rububi wannan fanni. Sai dai na'ura da rubutaccen bayani take koyo. Wa ya rubuta ranar da aka zuba wa buhu fiya-fiya a sito? Wa ya rubuta hannu nawa ya bi, ko da tiyar wane gari aka auna shi?

Ku kuma yaran yanzu, ko shafi biyu ba ku iya karantawa sai na'ura ta taƙaita muku, balle ku yini a rana!

Ka ajiye kwamfutar nan, ka je ka yi kaka guda a kasuwa da littafi da biro. Ka gaida dillali, ka ce masa Baba, ka tambayi abin da ke hana shi sayen buhun PICS da ke adana wake ba magani. Amma kada ka ajiye kwamfutar gaba ɗaya, ka koyi ilimin ƙirƙirarriyar basirar nan har ka ƙware, in ba haka ba wasu ne daga waje za su tsara mana ƙa'idar sayar da namu waken. Kuma duk alƙalamin da ba ka san wanda ya ƙirga shi ba, kada ka sa shi a kundinka.