Tukunyar Ma'aikaci a Mararaba

Da yawa daga cikin ƙananan ma'aikatan da suke cika ofisoshin Abuja da safe ba a tsakiyar birnin suke kwana ba. Kuɗin haya a Wuse da Garki da Maitama ya fi ƙarfin albashinsu, saboda haka sai su tare a Nyanya ko Kubwa, wasu kuma su tsallaka iyaka zuwa Suleja a jihar Neja ko Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa. Ni ina cikin waɗanda suka tsallaka, iyalina kuma suna Zariya. Duk wanda ya san cunkoson da ake yi a hanyar Keffi ya san cewa mai son ya isa wurin aiki da ƙarfe takwas sai ya fito da an sallame sallar asuba, kuma ba kasafai yake dawowa ɗakinsa ba sai an kira magariba, wani lokacin ma sai bayan isha'i.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin irin wannan ma'aikaci ya rikice. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, sai dai a daidai wannan lokaci Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana cewa hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari. Mai gidan haya ba ya karɓar uzuri, direba ba ya ragi, kuɗin makarantar yara da abin da ake aika wa iyaye kuwa mutum mai kunya ba ya taɓa su. Abin da ya rage a hannunsa wanda zai iya matsewa shi ne cikinsa, kuma can yake nufa. Sai a tsallake karin kumallo, a yi rana da biskit da lemon kwalba, da dare a tsaya teburin mai shayi a ci indomi da ƙwai a tsaye. Ana ganin kamar tattali ake yi, alhali kuɗin da ke fita kaɗan-kaɗan a haka, idan aka haɗa shi a ƙarshen wata, ya isa a sayi wake da masara da man gyaɗa masu yawa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ba na jin akwai wanda zai yi shekaru yana aikin ofis da gajiyar hanya a kan irin wannan cimar ba tare da jikinsa ya nuna masa ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne ma'aikacin da yake zaune nesa da iyalinsa ya mallaki tukunya, ya kuma iya dafa abinci uku ko huɗu irin na gidansu. Na san akwai masu ganin girki ba aikin namiji ba ne, amma a ƙasar da masu tsire da masu shayi da masu balangu duk maza ne, wannan magana ba ta da wani nauyi, balle ga shi an ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa idan yana gida.

Wani alheri da ba mu cika lura da shi ba shi ne yawancin kayan miyarmu ba su san firiji ba. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da busasshen tattasai da busasshen kifi da ƙuli-ƙuli duk suna yin watanni a cikin roba mai murfi ba su lalace ba, domin iyayenmu sun tsara cimarsu ne tun ba a san wutar lantarki ba. Amfanin wannan ya fito fili a watan Oktoban 2024, lokacin da lalata layin wutar da ya tashi daga Shiroro zuwa Kaduna ya jefa jihohin Arewa da dama cikin duhu na kwanaki masu yawa, naman da kajin da mutane suka adana suka ruɓe. A unguwa irin tamu, inda wuta take zuwa yadda ta ga dama, wanda ya dogara da miyar da aka daskarar yana cikin fargaba kullum. Saboda haka duk lokacin da na je gida nakan taho da garin kuka da daddawa da yaji da tsakin masara, sauran cefanen ɗanye kuma in yi shi a nan ranar Asabar.

Ɗan wake shi ne abincin daren da aka dawo a gajiye, don kuwa idan garin yana nan a haɗe, ba ya cin lokacin da ya wuce na tafasar ruwa da 'yan mintoci. Garin wake ne da garin rogo ko fulawa, a zuba kuka daidai gwargwado, a kwaɓa da ruwan kanwar da aka jiƙa aka tace, har sai ya yi danƙo yana bin hannu. Sai a riƙa gutsura ana jefawa a tafasasshen ruwa, idan ya taso sama a bar shi ya ƙara nuna kaɗan, a tsame a ruwan sanyi, sannan a zuba man gyaɗa da aka soya da albasa, a barbaɗa yaji, in da hali a yanka tumatir da kabeji da dafaffen ƙwai. Duk wuyar aikin tana wajen kanwa, domin idan ta yi yawa ɗan waken zai yi duhu ya yi ɗaci, idan ta yi kaɗan kuma ba zai yi laushi ba. Da na tambayi mahaifiyata ta waya ko cokali nawa ake sawa, dariya ta yi ta ce, "Kai yaron nan, wa ya taɓa auna kanwa da cokali? Ka duba launin kwaɓin, shi zai gaya maka." Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, kuma har yau a wurinta yaro nake ko da furfura ta fara fito mini. Amsarta ba ta gamsar da ni a ranar ba, amma haka abin yake, ido da hannu ne suke koya.

Faten tsaki kuwa na ranar Lahadi ne, musamman idan sanyin hunturu ya sauko ko mura ta kama mutum. Ana yi wa Zagezagi tsiya da shi, mu kuma ba mu taɓa musu ba. Tsakin masara ne da wake da dakakkiyar gyaɗa da daddawa, a bari su dahu su haɗe, can wajen saukewa a zuba alayyahu da yakuwa don ɗan tsamin nan. Tukunya ɗaya ta ƙunshi hatsi da ganye da abin gina jiki, kuma ba ta buƙatar nama kafin ta yi daɗi. Ban san wani abinci da yake kwantar mini da hankali kamarsa ba, kuma ina ganin ba ɗanɗanon kaɗai ba ne, har da cewa gyaran ganye da juya tukunya suna tilasta wa mutum ya ajiye waya, ya huta da saƙonnin ofis da na 'yan uwa masu neman gudummawar biki da suna. Tuwo da miyar kuka ma ina yi, saboda ɗumamen safe, wanda yake riƙe ciki har azahar.

Sai dai girkin gida ma yana da inda yake cutarwa, wato wajen gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, abin da bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Dunƙulen magi mafi yawansa gishiri ne, kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da yake cikin gishiri, yajinmu kuma an riga an daka shi da magi da gishirin tun farko, ga shi mun saba mu haɗa su duka a kwano ɗaya. Hawan jini ba ya yin sallama, mutum yana iya ɗauke da shi shekara da shekaru bai sani ba, kuma idan awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko sama da haka, lokacin ganin likita ya yi. Awon ba shi da tsada, ana yi a kemis da yawa. Abin da ya yi mini amfani shi ne ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, in rage magin a hankali, domin harshe yakan saba bayan 'yan makonni har abincin waje ya koma yi wa mutum gishiri.

Akwai kuma batun cin abinci kai kaɗai, wanda Bahaushen da ya tashi yana sa hannu a kwano ɗaya da 'yan uwansa yake jin nauyinsa fiye da yadda zai faɗa. A gidan da nake haya akwai wasu magidanta irina, ɗaya daga Katsina ɗaya daga Gombe, sai muka shirya cewa daren Juma'a, ga wanda bai yi tafiya ba, za a yi karo-karo a ɗora tukunya ɗaya a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Gas ɗin da mutum uku za su ƙona a ɗakuna uku ya koma na murhu ɗaya, mudun wake kuma idan an saya tare a kasuwa ya fi sauƙi a kan awon gwangwani a shagon unguwa. A wurin cin nan ne ake jin wanda aka yi wa canjin wurin aiki, da wanda ɗansa ba shi da lafiya, da wanda kwasar adashensa ta zo. Bakatsinen ya fi mu iya tuƙa tuwo, don haka muciya tana hannunsa, ni aka bar wa miya, mutumin Gombe kuma ya zaɓi wanke-wanke da sharaɗin ba za a tambaye shi kuɗin yaji ba.