Garejin da Nake Mayarwa Ɗakin Kwana: Inda Aiki Ya Kai a Mako na 14

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu koyon gyaran gida da hannunsu. Yau mako 14 ke nan da na fara aikin mayar da garejin gidanmu ɗakin kwana, kuma tunda wasu daga cikinku suna da irin wannan niyyar, na ga ya dace in rubuta inda aka kwana, har da wurin da na yi tuntuɓe. Gidan namu yana wani gari a tsakiyar Ingila, ginin shekarun 1960 ne, garejin kuma yana manne da gefensa, faɗinsa mita 2.7, tsawonsa mita 5.2. Abin da ya kawo aikin shi ne yara sun tasa, babban namijin ya haura shekara 10, lokacin raba masa makwanci da ƙannensa mata ya yi, ɗakunan sama kuma ba su isa ba. Motar dama ta daɗe tana kwana a waje, domin garejin da aka auna da motocin wancan zamani, idan ka shigar da motar yau ba ka da hanyar buɗe ƙofa ka fito.

Makonni uku na farko ban taɓa guduma ba, takardu na yi ta bi, kuma a nan ne na gane cewa ƙofofi biyu ne a hukumance, alhali ni ɗaya na ɗauka. Ta farko ita ce izinin tsara gari, wanda yake duba ko an yarda a canja amfanin wurin da kamanninsa. Ta biyu ita ce Dokokin Gini na 2010, waɗanda ba ruwansu da kyan gani, abin da suke tambaya shi ne ko ɗakin zai tsaya da ƙafarsa, ko zai riƙe ɗumi, ko danshi zai shige shi, da kuma ko mai barci a ciki zai iya tsira idan gobara ta tashi. A Ingila, garejin da yake manne da gida yawanci ba ya bukatar izini na farko matuƙar ba a ƙara girman ginin ba, domin doka ta riga ta sahale irin wannan gyaran. Sai dai a unguwanni da yawa, musamman sababbin rukunin gidaje, tun lokacin da aka ba da izinin gina su aka gindaya sharaɗin cewa gareji na mota ne, saboda kada motoci su cika titi. Saboda haka na nemo tsohon izinin gidan, na kuma karanta takardun mallaka layi bayan layi, don wani lokaci a cikinsu ake ɓoye irin wannan hanin. Ban sami komai ba, amma duk da haka na biya kuɗi na nemi takardar da ƙaramar hukuma take bayarwa ta shaidar cewa aikin bai saɓa wa dokar tsara gari ba. Ba dole ba ce, kuma uwargida ta ce ɓarnar kuɗi ce, amma ni na fi son abin da zan nuna a rubuce a kan abin da zan ce na ji a waya.

Akwai abu guda da nake so masu tunanin haya su riƙe. A can ƙasarmu mun saba ganin an fasa gareji an mayar da shi shago ko ɗakin haya cikin kwana biyu. A nan kuwa, da zarar ka sa wa wurin kicin da banɗaki da ƙofarsa ta daban, har wani ya zauna a ciki ba ya bukatar sauran gidan, ya zama gida mai zaman kansa, kuma wannan sai da cikakken izini. Nawa ɗaki ne na cikin gida, ƙofarsa ta kicin take.

Ƙofa ta biyu, wato ta Dokokin Gini, ba ta da makawa. Ana iya shigar da gajeriyar sanarwa a fara aiki bayan kwana biyu na aiki, ana kuma iya miƙa cikakken zane a jira hukunci, wanda doka ta ba shi mako biyar sai fa idan an amince a ƙara. Ƙwararren magini yana iya bin gajeriyar hanya tunda ya san abin da za a nema, amma ɗan koyo irina gara a gyara masa kuskure a kan takarda da a gyara masa a jikin bulo, saboda haka na miƙa zane. Wani ɗan uwa da muke haɗuwa a masallaci ya ce mini in rufe ƙofa in yi aikina, wa zai sani. Amsar ita ce lauyan mai saye zai sani ranar da ka zo sayar da gidan, domin takardar shaidar kammala aiki tana cikin abin da yake fara tambaya, kamfanin inshora ma yana iya tambaya ranar da wani abu ya faru. Ban da haka, tun daga Oktoban 2023 hukuma tana da shekara 10 da za ta iya umartar mutum ya gyara ko ya rushe aikin da ya saɓa ƙa'ida, a maimakon wata 12 na da.

Lokacin jiran amsa na kwashe tarkacen garejin, sannan na ɗaga kai na kalli silin. Wasu alluna ne masu ruwan toka, kuma saura kaɗan in sa ƙarfe in ɓamɓaro su, tunda mun taso muna ganin silin asbestos a makarantu da gidajen gwamnati ba mu ɗauke shi komai ba. Allah ya sa na tsaya. Sai a 1999 aka haramta asbestos gaba ɗaya a ƙasar nan, don haka duk ginin da ya girmi wannan shekarar abin zargi ne. Na kira masu gwaji suka ɗauki ɗan gutsure, sakamako ya nuna irin allon nan ne mai saurin sakin ƙura, wanda sai kamfani mai lasisi yake cirewa. Ƙurarsa ba ta nuna illa yau ko gobe, sai bayan shekaru da yawa take bayyana a huhu. Sun zo sun killace wurin da leda sun cire, kuɗin kuma ya cinye abin da na ware don fenti da kafet, amma wannan ba wurin da ake gwada koyo ba ne. Rufin shi ma na bar wa mai sana'ar, ya shimfiɗa abin tare sanyi ta sama ya sake rufewa.

A mako na takwas zane ya dawo da amincewa, na cire ƙofar ƙarfen, na ɗauki diga da shebur na haƙa ɗan rami a bakin ƙofar don a ga abin da yake ƙarƙashi. Babu harsashi, daɓen ne kawai ya ɗan ƙara kauri a baki, wanda ya isa ya ɗauki taya amma bai isa ya ɗauki bango ba. Jami'in duba gini ya zo ya leƙa, ya ga ƙasar yumɓu ce, irin wadda take kumbura da ruwa ta tsuke da rani, ya ce in nitsa zuwa mita ɗaya. Tun da ramin bai kai mita 3 daga ginin maƙwabci ba kuma ya fi harsashinsa zurfi, dokar 1996 ta bangon da ke tsakanin maƙwabta ta shafe ni, amma na riga na ba shi sanarwa a rubuce tun da wuri, ya kuma sa hannu ba tare da wata gardama ba. Kwana uku na yi ina haƙa a cikin yayyafin ƙarshen Nuwamba, jami'in ya dawo ya ga ramin a buɗe, sannan aka zuba kankare.

Bangon da ya maye gurbin ƙofar ruɓi biyu ne, da abin tare sanyi a tsakani. Na ciki ni na jera da bulo, kuma ba zan ɓoye muku ba, layi biyu na farko sai da na rushe su domin igiyata ta saki ban lura ba. Na waje na ba birkila, saboda shi ne fuskar gida. Shi ne ya nuna mini cewa jan bulon gidan na tsohon awo ne, ya ɗan fi na yanzu mai tsayin milimita 65, kuma da na sayi sabo da layukan ba su haɗu da na tsohon bango ba. Mun sami tsofaffi a wurin masu sayar da kayan rusau. Ya kuma hana ni kwaɓa siminti da safiyar da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 3, domin ruwan da ke cikin kwaɓin yana iya daskarewa kafin ya kama.

Yanzu sai daɓe, inda na sha kunya. Daɓen gareji ya fi na cikin gida ƙasa, nawa da santimita 15, kuma yana gangarowa wajen ƙofa, da gangan aka yi shi haka don idan mai ya zube kada ya kwarara cikin gida. Wannan ramin alheri ne ga mai gyara, tunda a cikinsa ake cusa duk abin da ake bukata. Na daidaita gangaren, na shimfiɗa leda mai kauri, na ɗora allunan kumfa masu tauri na milimita 100, irin waɗanda aka lulluɓe da takardar alminiyam, sannan katakon daɓe na milimita 22 mai shiga cikin juna. Ledar nan ba shimfiɗa ta kawai ake yi ba, dole ne bakinta ya hau bango ya haɗu da DPC. A can ƙasarmu idan magini ya ce gini ya kai DPC mataki yake nufi, amma a nan abin da ake nufi shi ne ainihin siririn abin da aka saka a tsakanin layukan bulo, kimanin santimita 15 sama da ƙasa, don ya hana danshi hawa. Idan ledar ƙasa ba ta kai gare shi ba, to an bar wa ruwa kafa, kuma a ƙasar da take shan ruwa kusan duk shekara zai same ta.

Na yi duk wannan daidai, na tabbata. Kuskurena shi ne ranar Asabar aiki ya yi mini daɗi, ga gam a hannu ga katako a jingine, sai na ci gaba na rufe daɓen duka, alhali takardar da aka ba ni ta lissafa wannan a cikin matakan da za a duba kafin a rufe. Da jami'in ya zo ranar Talata bai ɗaga murya ba, ya ce bai yi shakkar maganata ba, amma ba zai sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba. Na ce ina da hotuna. Ya duba wayar, hotuna uku ne, duka na tsakiyar ɗaki, babu ko ɗaya da ya nuna kusurwa ko bakin bango, wato daidai wuraren da yake son gani. Haka na sa zarto na yanke katako huɗu da na manne da hannuna, na ɗaga allunan, ya durƙusa ya haska fitila, ya ga ledar ta hau yadda ya kamata. Duban bai kai minti biyar ba, ni kuwa na yi asarar katako huɗu da yini biyu. A lokacin na ji haushi, amma da na huce na ga cewa da ni ne mai sayen gidan, irin wannan jami'in zan so a ce shi ya duba. Tun daga ranar, duk abin da zan rufe sai na ɗauki hotonsa da ma'auni a jikinsa, kusurwa bayan kusurwa, kuma ko da hoton ba na rufewa sai na kira.

Makonni biyun nan na ƙarshe a kan bangon gefe nake. Bulo ɗaya ne a kwance, kaurinsa bai wuce santimita 10 da ɗan kai ba, kuma zafin da yake zubarwa ya kai kusan ninki goma na abin da doka ta yarda. Ana auna wannan da lambar U, wadda ƙanƙantarta ita ce kyanta. Tun Yunin 2022, tsohon bangon da aka yi wa kwaskwarima ta ciki 0.30 ake nema, daɓe 0.25, sabon bango 0.18, taga kuma 1.4. Na kafa firam na katako a ciki, na bar tazara tsakaninsa da bulo don kada jiƙar waje ta taɓa shi, na yanka allunan kumfa na cusa a tsakanin katakai. Yankan ne yake cin lokaci, domin duk ɗan gibin da ka bari nan sanyi zai taru. Bayan haka akwai wata ledar kuma, amma ita ta ɓangaren ɗumi ake sa ta, a ƙarƙashin allon filasta, don tururin numfashi da na girki kada ya ratsa ya taras da bulo mai sanyi ya zama gumi, gumin kuma ya haifi fumfuna a inda ba a gani. Na daɗe ina rikita ledojin nan biyu, sai da na riƙe cewa ta ƙasa ruwan waje take tarewa, ta bango kuma na cikin gida. Ɗakin ya tsuke da kusan santimita 15, gado da ɗan tebur za su shiga, kabad kuwa sai dai a jikin bangon ƙarshe.

Tagar tana hanya. Tunda ƙofar ɗakin ta kicin take ba ta farfajiyar da ke kaiwa waje ba, dole ta zama wadda mutum zai iya fita ta cikinta, wato buɗinta ya kai murabba'in mita 0.33, tsayi da faɗi kowanne bai gaza milimita 450 ba, kuma ƙasan buɗin bai wuce milimita 1100 daga daɓe ba. Ku lura da cewa daga sabon daɓe ake aunawa, ba tsohon ba. Mai aikin lantarki mai rajista ya riga ya ja wayoyinsa, har da na ƙararrawar hayaƙi da za ta haɗu da ta cikin gida, shi ne kuma zai ba da tasa takardar, don sabon layin wuta ba na cikin abin da na yarda in koya a ɗakin da ɗana zai kwana.

Allunan filasta 14 suna jingine a kicin tun shekaranjiya, uwargida tana zagaye su duk lokacin da za ta ɗora tukunya, ta kuma tambaye ni sau biyu abin da nake jira. Jami'in zai zo ranar Alhamis da safe ya ga bangon a buɗe. Idan ya amince, in sha Allahu ranar Asabar zan fara kafa su, daga bangon ƙarshe zuwa wajen taga.