Yadda na zaɓi tabaraun karatu ina kan keken ɗinki

Sana'ata ɗinki, kuma a bakin allura na fara gane idona ya sauya. Na ɗan haura shekara 45 lokacin. Nesa ina gani tangaran, har lambar motar da ke tsallaken titi nakan karanta, amma zura zare ya koma aiki. Saƙo in ya shigo waya sai na miƙe hannu kafin rubutun ya fito, in yamma ta yi kuma goshina ya dinga sarawa.

Masu tallan tabarau na wucewa ta gaban shagona kullum, amma asibitin ido na fara zuwa. Bayan an sa ni karanta haruffan allo an kuma auna ƙarfin ruwan idona, likita ya yi mini bayani. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi da ke lanƙwasawa in mutum zai kalli abu na kusa. Da shekaru yakan yi tauri, abin ya fara bayyana wajen shekara 40, ya ci gaba a hankali har zuwa 60 da 'yan kai. Kusan kowa sai ya same shi, kuma kwalli ko zuma ba sa dawo da laushin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da ya yi kafin ya rubuta lamba. Ya ce, "Malam, nuna mini yadda kake riƙe aikinka." Na sunkuya kamar ina kan keke, sannan na ɗago hannu kusa da fuska yadda nake yi in ina aikin wuyan riga. Ashe tazarar biyu ba ɗaya ba ce. Littafi yawanci a wajen santimita 40 ake riƙe shi, allurar keke ma kusan haka take gare ni, amma aikin hannu ya fi matsowa. Tabaraun karatu suna tafiya ne da lamba, galibi daga +1.00 zuwa +3.00 ko sama kaɗan, ana ƙarawa da 0.25. Duk yadda lambar ta hau, wurin da ake gani sarai sai ya matso kusa ya kuma ƙuntace. Shi ya sa mai babbar lamba bai fi kyau ba, ko da yake a kasuwa shi ke fara burge mutum don yana kumbura rubutu. Ya ba ni +1.50 na keke da karatu, ya ce in aikin hannu ya yi yawa in ajiye +2.00 a gefe.

Da yake idanuna biyu kusan ƙarfinsu ɗaya, ya ce na kanti ma zai yi mini. Na kanti lamba ɗaya ce a ɓangare biyu, saboda haka wanda idanunsa suka sha bamban, ko yake da wata matsalar gani tun da can, sai an yanka masa nasa. Yayana haka aka yi masa, aka haɗa masa na nesa a sama, na kusa a ƙasa.

Da zan saya, allura da zare na tafi da su, da Alƙur'anina mai ƙananan baƙaƙe. Kowanne na sa sai na zura zaren, na karanta layi biyu ina riƙe da littafin a inda na saba, ba inda tabaraun ke so ba. Na kuma ɗaga kowanne na kalli gefen ƙofa ta cikinsa ina motsa shi a hankali. Wanda layin ya karkace ko ya yi rawa na mayar. Akwai wani mai kyan gani da ya dinga zamewa daga karan hancina da zarar na sunkuya, kuma tela a sunkuye yake wuni. Na ɗauki siriri wanda nake iya leƙen mai kawo ɗinki ta samansa ba sai na cire ba. Tafiya da shi ko hawa babur kam babu, domin nesa dishi-dishi take komawa.

Abokan sana'a da yawa sun gargaɗe ni cewa tabarau na cinye ido. Likita ya ce ba haka ba ne: taurin madubin nan zai ci gaba ko an sa ko ba a sa ba, sai dai wanda ya saba gani sarai ya fi lura da bambancin in ya cire.

Abin da nake matsa musu a kai shi ne awon. Mai talla zai iya dacewa da lambarka, amma ba zai ga hawan jinin ido ba, cutar da ke cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, kuma ta fi yawa a cikinmu baƙar fata. Abin da ta ci ba ya dawowa. Haka kuma mai talla ba zai ga yanar ido da ɓarnar da ciwon suga ke yi ba. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, manyan asibitocin gwamnati da dama kuma suna da sashen ido. Ni an ce in riƙa komawa duk bayan shekara biyu, ko kafin nan in ganin ya sauya farat ɗaya ko ido ɗaya ya fara ja baya.