Haya a Masaka, aiki a Abuja: abin da aikin nazare ya koya min game da masu ƙananan yara

Ni malamar nazare ce a wata makarantar kuɗi a yankin Masaka, nan kan hanyar Abuja zuwa Keffi, kuma da yake na ɗan daɗe a wurin ni ake turo wa sababbin iyaye in sun zo cike fom. Yawancinsu ba 'yan nan ba ne, ma'aikata ne da tsadar haya ta koro daga cikin gari, wasu kuma canjin wurin aiki aka yi musu daga Kano ko Zariya ko Bauchi suka zo suka tarar albashinsu ba zai kama musu ko ciki da falo a Wuse ko Garki ba. In mun gama maganar kuɗin makaranta da yunifom kusan kowa sai ya sassauta murya ya ce, Malama ke da kike nan, tsakaninki da Allah wurin nan zai yi wa mai ƙananan yara kuwa?

Ni kuma tambaya nake mayar musu. Nakan ce Yallaɓai, ko Hajiya, a ce yau Talata ƙarfe sha ɗaya na safe jikin yaronku ya ɗau zafi na kira waya, wa zai zo, kuma sai yaushe zai iso? Wanda ya amsa min nan take ba ya buƙatar shawarata, wurin zai yi masa. Wanda ya tsaya kallon matarsa ita ma tana kallonsa, to da sauran magana.

Ba laifin kowa ba ne mutane suka taru a nan. Tun da aka ƙirƙiro Birnin Tarayya a 1976 zamanin Janar Murtala, gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, gidajen cikin gari ba su taɓa isar ma'aikatan da ke aiki a ciki ba. Rusau ɗin zamanin da El-Rufa'i yake minista, 2003 zuwa 2007, ya ƙara turo jama'a waje. Shi ya sa Mararaba, Ado, Wan Man Bilej, New Nyanya da Masaka, waɗanda duk a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa suke, suka cika suka batse da mutanen da kwana kawai suke yi a nan, wuninsu yana Abuja. Ta ɗaya ɓangaren ma haka Madalla da Suleja suke a jihar Neja. Yawancinsu ƙauyuka ne a da, yanzu ba ka ce musu ƙauye ba ba ka ce musu birni ba.

Abin da ke ruɗar sabon zuwa shi ne kusancin. Ejan zai ce maka ai nan da AYA, wato mahaɗar shiga gari ta Asokoro, minti ashirin ne, kuma bai yi ƙarya ba in ranar Lahadi da rana ya ɗauko ka, don daga Mararaba zuwa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya bai fi kilomita 20 ba. Amma hanyar guda ɗaya ce tal, kowa ta nan zai bi, daga Masaka a ratsa Mararaba a wuce Nyanya a hau tudun Kugbo, da safe duk an nufi gari da yamma duk an nufo gida, in tirela ta lalace a Kugbo ko aka yi ruwan sama ko 'yan kasuwa suka cinye rabin titi a Mararaba shikenan sai ka shafe awa biyu ko fiye a gosulo kana kallon ƙeyar mota ɗaya. Saboda haka mai son ya sa hannu a ofis ƙarfe takwas da ya idar da sallar asuba yake fita, wasu ma a hanya suke yi. Babba zai jure wannan, ya yi gyangyaɗinsa a mota. Abin da mutane ba sa sakawa a lissafi shi ne in uwa da uba duk za su fita da duku-duku, ɗan shekara uku ma dole ya tashi a lokacin.

Mu muke karɓarsu a get. Makaranta ƙarfe takwas take farawa amma tun shida da 'yan mintuna akwai yaran da aka ajiye, wani an saka masa yunifom yana barci, takalmi a hannu, fulas ɗin indomi da aka dafa tun huɗu da rabi wanda kafin lokacin tara ya riga ya sandare. Likitocin yara sun ce ɗan shekara uku zuwa biyar yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini. To yaron da bai kwanta ba sai goma na dare saboda yana jiran Mama ta dawo ta dafa abinci, aka tashe shi biyar saura, ku lissafa da kanku. A aji ba sai an faɗa min ɗan wa iyayensa ke shiga gari ba, wajen ƙarfe goma zan ga kai ya faɗi kan tebur, ko kuma rigima ba dalili, cizo, kuka, ƙin cin abinci. Iyaye sukan zo su ce Anti yaron nan ba ya gane karatu ko a saka shi lesin, ni kuwa in ce Hajiya ba lesin yake nema ba, barci yake nema, ƙara masa lesin ƙara masa wahala ne. Wasu suna jin haushin maganar, don tana nufin kuɗinsu ba zai gyara abin ba.

Sai kuma ramin da ke tsakanin tashi daga makaranta da dawowar iyaye, wanda a ganina shi ne babbar matsalar gaba ɗaya. Nazare tana tashi wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, ranar Juma'a ma kafin nan. Ofis yana tashi huɗu, mai aikin banki ko kamfani sai abin da hali ya yi, a tsaya layin mota a Berger ko Area 1 ko AYA, a shiga gosulon yamma, kafin a shigo gida an yi magariba wani lokacin har isha. Awa biyar zuwa shida ke nan kullum da wani ne yake riƙe da ɗanka. Wane ne wannan wanin? A wasu gidajen kaka ce, wannan an dace. A wasu ƙanwar uwa ce da ta gama sakandare. Amma sau da yawa 'yar aiki ce da aka kawo daga ƙauye wadda ita kanta ba ta wuce sha biyu sha uku ba, yarinya na rainon yara, ga risho ga gas ga rijiya a tsakar gida. Ko kuma a yi yarjejeniya da ɗan acaɓa ya riƙa ɗaukowa, ya ɗora uku a baya ɗaya a kan tanki ya ratsa babban titi da su. Muna da littafin da duk mai ɗaukar yaro yake sa hannu, kuma in ka buɗe shi za ka ga akwai yaran da zango guda ya wuce hannun uwa ko uba bai fito a shafinsu ba ko sau ɗaya. Ba wai ba sa son 'ya'yansu ba ne, wallahi wasu uwayen da hawaye suke min maganar, hanya ce ta cinye su.

Maganar zazzaɓi da na fara da ita ba misali ba ne kawai. Maleriya a jikin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba ta jira, da safe yana wasa kafin azahar jiki ya yi rau har ta kai ga jijjiga. Mu a makaranta ba mu da hurumin ba wa ɗan mutane magani yadda muka ga dama, iyakarmu mu cire masa kaya mu shafa masa ruwa mu kira waya. Uban yana Maitama a mitin waya a kashe, uwar tana Wuse sai ta nemi izinin oga sannan ta nemi mota. Da rana hanyar da sauƙi, amma ko yaya sai an ɗau lokaci. Shi ya sa a fom ɗinmu nake matsa wa iyaye su rubuta lambar mutum na uku wanda yake wuni a unguwar, ba ɗan'uwan da ke Kubwa ba, kuma su tabbata ya san asibitin da suke zuwa, yana da katin yaron ko ya san inda yake. Akwai asibitoci a Mararaba da Nyanya, ga babbar cibiyar lafiya ta tarayya a Keffi, sai dai kafin ka biya haya ka san wanne za ka iya kaiwa ƙarfe biyun dare a damina ba tare da motarka ta maƙale a lungu ba. Rigakafi ma haka, na sati shida da sati goma da sati sha huɗu da na wata tara duk a ranakun aiki ake yi da safe, kuma a nan kowanne yana nufin uwa ta rasa wunin aiki cur, ba wai ta leƙa ta koma ofis ba.

Kar a ce na ɓata wurin, ni ma a nan nake zaune kuma ba ni da niyyar tashi. Kuɗin da zai ba ka ɗaki ɗaya a cikin gari a nan zai ba ka gida mai ɗaki biyu ko uku da tsakar gida inda yaro zai yi gudu. Abinci ya fi sauƙi, doya da manja da kayan miya daga Nasarawa da Binuwai ta nan suke bi kafin su shiga Abuja. Akwai Islamiyya kusan kowane layi, akwai maƙwabta da za su san sunan ɗanka su tsawata masa in ya yi ba daidai ba, abin da ba lallai ka samu a estet ɗin da kowa ya rufe get ɗinsa ba. Gidajen da na ga abin ya yi musu kyau sosai kusan duk tsarinsu ɗaya, mutum ɗaya ne yake shiga gari, ɗayan yana nan, ko uwar tana koyarwa ko ɗinki ko shago a unguwa, ko tana aikin da ake yi ta waya daga gida, ko akwai tsohuwa a gidan. Yaran nan suna barcinsu har bakwai saura, su ci ɗumame mai zafi, su taho a ƙafa. Uban ne yake shan wahalar hanya shi kaɗai, kuma da yawa sun yarda da hakan da zuciya ɗaya, duk da akwai wanda ya ce min Malama ni fa 'ya'yana a barci nake barinsu a barci nake tarar da su, sai Asabar muke gaisawa. Yana dariya ya faɗa amma ni ban ji dariya ba.

Lissafin kuɗin ma ya canza. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, to mutum biyu suna shiga gari kullum, kowanne ya hau acaɓa zuwa bakin titi, ya hau mota zuwa gari, wani ma sai ya sake hawa wata kafin ofis, sannan a dawo haka, a ƙara kuɗin 'yar aiki, a ƙara kuɗin ajiye yaro a makaranta har yamma, a ƙara ruwa, don yawancin unguwannin nan ba famfon gwamnati sai bohol ko mai ruwa da kurarsa kuma gidan da ake wankin jariri ba ya wasa da jarka, a ƙara man janareto ranar da ba wuta. In aka tara duka sai ka ga rarar hayar da aka yi murna da ita ta zube a hanya. Araha ba ta ado dai. Wasu da suka yi lissafin nan sun gwammace su matsu a ƙaramin gida a Karu ta ɓangaren Abuja ko Nyanya ko Kubwa, kusa da aikin uwar, har yara su yi wayo. Na kuma lura in za a zaɓa, gara gidan ya kusanci aikin wanda ake kira in yaro ba lafiya, wanda a gidajenmu yawanci uwa ce, amma sai ka ga an zaɓi unguwa don abokan maigida suna can.

Akwai kuma tsoron dawowar dare. Masu shiga motocin alon, wato na haya da ake tarewa a bakin titi, sun san labarin 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, mace mai goyo da ta tsaya neman mota bayan magariba tana cikin zullumi har ta iso. Waɗanda suka daɗe a nan kuma ba su manta da bam ɗin tashar Nyanya na 14 ga Afrilun 2014 ba, wanda ya tashi da sassafe daidai lokacin da ma'aikata ke neman mota, da shingayen bincike da suka biyo baya suka ƙara wa hanyar tsawo.

In mutum ya nace sai na ba shi shawara, nakan ce kar ya je ganin gida ranar hutu. Ya samu ɗan'uwa ko aboki a unguwar ya kwana daren Lahadi, ya tashi Litinin ya yi tafiyar nan da ƙafarsa da aljihunsa, ya dawo da yamma, in so samu ne a watan Agusta lokacin da ruwa ke nuna wane layi ne hanya wane ne kwata. Ya duba bangon gidan ko akwai shatin ambaliya, ya tambayi matan layin, ba ejan ba, nawa suke sayen ruwa kuma kwana nawa suke yi ba wuta. Ya taka daga ƙofar gidan zuwa makarantar da yake so ya ga ko sai an tsallaka babban titi, don tsallaka titin Keffi da yaro a hannu ba abin wasa ba ne. Matar gidan ita ma ta zo ta gani, ba a kawo ta da kaya a mota ba.

Sannan kar a yi saurin sayen fili. A kama hayar shekara ɗaya tukuna ko da mai gida ya so biyu, a ga damina a ga rani. Wanda ya yanke shawarar saye kuma ya tuna nan jihar Nasarawa ce duk da kowa na ce wa danginsa yana zaune a Abuja, takardun fili a NAGIS, ofishin bayanan filaye na jihar Nasarawa, ake bincika su ba a AGIS na Abuja ba, kuma takardar mai unguwa ita kaɗai ba ta hana wani ya fito gobe da irinta a kan fili ɗaya.