Abin da Na Koya daga Zanen Tufafin 'Yan Rawar Bale

Lokacin da nake karatun tarihin zane-zane, an ɗora mini aikin rubuta bayanin duk takardar da ta shigo sashen adana kayan tarihi: girmanta, irin fentin da ke kanta, da hannayen da ta bi kafin ta iso. Waɗanda suka fi daɗewa a teburina su ne zanen tufafin 'yan rawar bale, rawar dandamali da ake ba da labari da ita ba tare da an furta kalma ba, musamman na zamanin ƙungiyar Ballets Russes, wadda Sergei Diaghilev ya fara nuna wasanninta a birnin Faris a 1909, ta kuma watse bayan rasuwarsa a 1929.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne, waɗannan takardu umarni ne ga tela tun kafin su zama abin ratayawa a bango. Léon Bakst, wanda ya tsara tufafin wasan Schéhérazade a 1910, yakan fitar da siffar ɗan rawa da fensir, ya cika ta da fentin ruwa, sannan ya taɓa wasu wurare da ruwan zinariya ko na azurfa domin a san inda ado zai yi ƙyalli a ƙarƙashin fitilu. Amma wanda ya san aikin ba a nan idonsa ke tsayawa ba. Gefen takardar yake dubawa, inda ake samun sunan wanda zai sa rigar, da irin yadin da ake so, wani lokaci har da ɗan ƙyalle da aka maƙala da fil. Na riƙe wata takarda da ƙyallen ya daɗe da ɓacewa, sai ramuka biyu ƙanana da tsatsa ta kewaye, da layin ninki a tsakiya inda wani ya naɗe ta ya sa a aljihu. Kamar zanen da mai ɗinkin babbar riga ke yi a kan yadi kafin allura ta bi, darajarta tana cikin cewa an yi aiki da ita.

A nan ne kasuwa ke rikitar da mai saye. Bakst ya gane tun da wuri cewa zanensa na da masu so, har aka baje kolinsa a Landan a 1912, kuma siffa guda takan fito sau da dama daga ɗakin aikinsa, wata da hannunsa, wata da taimakon yaransa. Alexandre Benois, mai tsara tufafin wasan Petrushka na 1911, ya yi ta sake zana mutanen wasan shekaru da yawa bayan haka saboda sabbin shirye-shirye da kuma masu saye. Saboda haka shekarar da aka rubuta a jikin takarda tana iya zama ta wasan, ba ta ranar da aka yi zanen ba. Ban da wannan akwai hotunan da aka buga don littattafai aka shafa musu launi da hannu, waɗanda daga nesa sai a rantse na asali ne, ga kuma jabu tsagwaronsa. Sa hannun mai zane kaɗai ba ya raba gardama, domin shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo.

Abin da ke raba gardama shi ne tarihin mallaka. Zanen da za a iya bin sawunsa zuwa wani sanannen tari ya fi kwantar da hankali, irin na ɗan rawa Serge Lifar, wanda gidan tarihi na Wadsworth Atheneum da ke Hartford a Amurka ya saya a 1933, ko kayan ƙungiyar Ballets Russes da kamfanin gwanjo na Sotheby's ya yi gwanjonsu a Landan tsakanin 1967 da 1973. Shi ya sa aka hore mu mu juya takarda mu karanta bayanta kafin mu yaba gabanta, domin tambarin tsohon dillali ko lambar gwanjo a can suke.

A ra'ayina, wanda yake da zaɓi tsakanin zane mai tsafta da aka yi don sayarwa da kuma wanda ya sha hannun teloli, na biyun ya kamata ya ɗauka, ko da yake na farkon ya fi ɗaukar ido. Yana ba ni takaici in ga an yanke gefen takarda don ta shiga firam, ko an goge rubutun fensir da sunan gyara, alhali abin da aka zubar shi ne shaidar da ke haɗa zanen da dandamali. Fentin ruwa kuma ba ya jure haske. Shi ya sa gidajen tarihi ke nuna irin waɗannan takardu a ɗaki mai dishi-dishi na 'yan watanni kawai, sannan su mayar da su akwati tsakanin kwalaye marasa sinadarin da ke cin takarda. Mai tara su a gida, idan ya rataye zanen Bakst a bangon da rana ke bugawa, cikin 'yan shekaru launukan da ya biya kuɗi dominsu za su koɗe, kuma babu gwanin gyara da zai iya dawo da su.