Kumbon da ke bangon littafi

A ɗakina a Garwa akwai akwatin ƙarfe da na cika da ƙananan littattafan Faransanci na da, irin na ƙagaggun labaran kimiyya: tafiya wasu duniyoyi, mutum-mutumi masu magana, halittun da ba su yi kama da kowa ba. Yawancinsu a ƙasa na tsince su, wurin masu baje tsofaffin littattafan makaranta a bakin babbar kasuwa, sun maƙale tsakanin littafin lissafi da ƙamus. Kuma bangonsu ne ke sa ni durƙusawa tun kafin in san labarin da ke ciki.

Waɗanda suka fi kwanta mini a rai su ne jerin Anticipation na kamfanin Fleuve Noir da ke Faris. An fara fitar da su a 1951, ba a daina ba sai 1997, littattafai kusan 2,000. Bangon na farko-farkon aikin René Brantonne ne, wanda ya rasu a 1979. In ka ga zanensa sau ɗaya ba za ka sake ɓata shi ba. Ina da ɗaya a gabana yanzu: kumbo siriri mai tsini, kalar azurfa, ya tsaya a kan fikafikansa bisa jar ƙasa, sama kuwa kore shar, ga wani mutum da tulun gilashi a ka yana nuna abin da mu ba ma gani. In na karkata shi wajen taga har sawun burushi nake hangowa a cikin hayaƙin.

Abin da ke taɓa ni shi ne lokacin. Sa'ad da Brantonne ya fara wannan zane babu abin da ɗan Adam ya taɓa harbawa ya kewaya duniya. Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, sai a 1957, Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, a 1961, sauka kan wata a 1969. Da burushi da fenti ya zauna ya ƙago wa masu karatu sararin samaniya, aka sayar musu a farashin da leburan masana'anta zai iya biya.

Daga shekarun 1970 salo ya canja. Jiragen da mai zane Chris Foss na Birtaniya ya zana manya ne ƙwarai, masu ratsin rawaya da baƙi, kamar tirelar auduga ce ta tashi sama. Suna da kyau, amma sau da yawa zanen ba ruwansa da labarin, ni kuwa hakan na rage mini daɗi.

Ƙasarmu ba ta raga wa waɗannan littattafai. Takardarsu mai araha ce, da kanta take yin ja ta riƙa karyewa. Zafin Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana busar da gam har shafuka su zube. Damina ta kawo laima, gara ta ƙarasa sauran. Don Allah wanda ke da irinsu kada ya liƙa salatif a bango, tabon da yake bari ba ya fita. Ni ina sa kowanne a farar takarda, in ɗora akwatin kan bulo nesa da jikin gini.

Kwanaki na kai wa wani dattijo mai zanen allunan aski da bayan manyan motoci biyu daga cikin littattafan ya gani. Ya daɗe yana juya su, sannan ya ce, "Ɗana, wannan mai hannu ne. Dubi inda ya sa haske a gefen ƙarfen." Na ce, "Baba, za ku iya yi mini irinsa, amma kumbon ya sauka a bakin Binuwai?" Ya ce in kawo katako da fenti. Ina rubuta wani labari da Hausa, kuma zanensa nake so ya zama bangon, da masunta a kwalekwale suna ɗaga kai. Mun yi ciniki, na ba da kafin alƙalami.